Babu Mai Wannan Sunan a Gidan Nan

"Yi haƙuri Baba, babu mai wannan sunan a gidan nan," in ji Horia daga bakin ƙofa.

"Brândușa fa... 'yata. Nan aka kwatanta mini."

Brândușa tana jera faranti a ciki ta ji muryar. Babanta ne! Ilarie makiyayi, ya sauko daga kan duwatsu har birnin Cluj, da hularsa ta fatar rago, rungume da 'yar tukunyar ƙasa.

Ranar Florii ce, Lahadin da ake taya duk mai sunan fure murna. A gidan su Horia, wanda za ta aura, an soya kifi, dangi sun hallara. Su kuwa da sunan Bianca suka san ta. Tun da ta shiga jami'a 'yan ɗakinsu suka sa ta a gaba, wai sunan tsofaffin ƙauye gare ta, ita kuma ta yar da shi.

"Baba..." Ta fito bakin ƙofa.

Horia ya juyo. "Bianca? Ba kin ce babanki ba ya iya tafiya ba?"

"Bianca," tsohon ya maimaita a hankali. Bai yi faɗa ba. Ina ma ya yi!

Otilia, mahaifiyar Horia, ta matso. "Shigo mana, bawan Allah. Mene ne a tukunyar?"

"Furen da na sa mata sunansa ne, uwar gida. Shi ke fara huda dusar ƙanƙara a wajenmu, tun sauran furanni na barci. Shekarar da aka haife ta, sanyi ya ƙi tafiya. Uwarta na kwance ba lafiya, ta hango guda ɗaya ta taga, ta ce a sa wa jaririyar sunansa." Ya dubi furen. "Uwar tata ba ta rayu ta ga narkewar ƙanƙarar ba."

Ya ajiye tukunyar a dokin ƙofa. "Barka da ranar sunanki, 'yata." Ya juya ya tafi.

Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ko takalmi ba ta tsaya nema ba, ta bi shi da gudu, ta cim masa a inda ake jiran bas, ta zube gabansa.

"Baba, ka yafe mini! Kunyar a san kai ne babana na ji... kunyar sunan da Mama ta zaɓa mini na ji... Wayyo ni!"

"Tashi, mutane na kallo."

"Su kalla, Baba!"

Ya dafa kanta.

Sai ga Horia yana haki, riƙe da takalmanta.

"Baba, kifi na hucewa. Kuma ni ban roƙe ka auren 'yarka ba tukuna." Ya dube ta, idanunsa jawur. "Ke kuma, zuciyata, har yanzu fushi nake da ke. Sa takalminki, Brândușa, ki kamo hannun Baba mu koma gida."