Kaset Ɗin Inna Hansai

A Malumfashi cewa ake yi Zailani ɗan albarka ne, tunda gwamnati ta ɗora shi a jirgi ta kai shi Ingila karatun injiniya. A Landan kuwa zancen daban ne. Lawal, shugaban ɗaliban Arewa, ya ce rabon da ya gan shi a masallacin Juma'a an fi shekara. Sakinatu, abokiyar ɗakin Karimatu, ta ce ta taɓa gaishe shi da Hausa a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya kau da kai kamar ba da shi take ba.

Karimatu dai sauraro kawai take yi. Shekara uku ke nan da yi musu baiko ita da Zailani, kuma ita ta ce tana so. Da jami'ar Zariya ta turo ta musayar ɗalibai a 1976, babanta ya ce mata, "Ki dube shi da idonki. In kin dawo, abin da kika ce shi za a yi."

Ta zo masa da saƙon mahaifiyarsa, Inna Hansai: 'yar ƙwarya cike da daddawa, da kaset guda. Inna ba ta rubutu, kuma ta gaji da a riƙa karanta mata wasiƙar ɗanta a bakin kasuwa. Sai aka aro rikodar maƙwabci. Karimatu ce ta danna, ta zauna a gefen tabarma har Inna ta gama. Da za ta fito Inna ta riƙe mata hannu.

"Ki dawo mini da muryarsa, 'yar nan. Ko tari ne ya yi, ina so."

A tashar jirgin ƙasa ta Landan Zailani ya karɓi saƙon, a gurguje, wai yana da jarrabawa. Sai bayan sati biyar ya gayyace ta ɗakinsa na haya a unguwar Peckham, ranar Lahadi da azahar. Ta ja Sakinatu suka tafi.

Tun daga matakala warin taba ya tare su. Ya buɗe ƙofa da wando mai faɗin ƙafa, riga a buɗe har ƙirji, sumar nan kamar an kifa masa kwando.

"Karima, abar ƙaunata! Ku shigo. Jiya mun yi party ne, ku yi haƙuri da wajen."

Ko sallamarsu bai amsa ba. Farantai ne a ko'ina, maiƙo ya daskare a kansu, ga ɓawon lemo a kan kujera. Sakinatu ta ɗaga wata safa da yatsa biyu ta yar.

"Injiniya, ashe ba a koyar da shara a jami'arku?"

Ya yi dariya. Karimatu ba ta yi ba. Idonta na kan tebur, inda 'yar ƙwaryar Inna take. Ta gane ta da zanen wutar da ke bakinta. Cike take da toka da guntayen sigari, cikinta duk ya yi tabon ƙuna.



"Yaya Zailani, ina daddawar?"

"Haba, Karima... Matar da ke da gidan nan ce ta hawo, wai ɓera ya mutu a ɗaki. A gaban abokaina fa! Dole na zubar."

"Kwana huɗu Inna ta yi tana haɗa ta."

"Nan Landan ne, masoyiya. Komai akwai a shago. Zauna ki ji sabuwar rikodata, ko a Kano babu irinta."

Ya danna. Kiɗan Turawa ya cika ɗakin, yana kaɗa kai yana kallonta. Ita kuwa kaset ɗin da ke juyawa ta ƙura wa ido. Ja ne, da ɗan tabon lalle a kusurwa, inda yatsan Inna ya taɓa.

"Wannan kaset ɗin... ina ka samo shi?"

"Oho, a tarkace na gani. Jiya namu suka ƙare, sai Bernard abokina ya..."

Kiɗan ya yanke. Aka ji shuuu, sai carar zakara daga nesa, sai wata murya a shaƙe.

"...to shi ke nan, ɗan Inna. In akwai sanyi ka rufe kunnenka, ka san kai da ciwon kunne. Karimatu, yaya ake kashe abin nan?"

Ƙas! Kaset ya ƙare.

Zailani ya mayar da shi baya da sauri. Kiɗa. Ya ƙara mayarwa. Kiɗa. Ya juya ɗaya gefen, nan ma kiɗa ne.

"Ba ka saurara ba," in ji Karimatu. "Sati biyar!"

"Na ce sai na natsu... Wallahi na ce sai na natsu."

"Rabin awa ta yi tana maka magana. Ta yi wanka, ta sa zanen sallarta, wai kada ta zo gabanka da datti. Da farko ma kunya ta hana ta, sai da na juya mata baya. Shi ne ka ɗora mata ganga a kai!"

"Me ta ce? Don Allah, Karima, ke kina wurin."

"Ina wurin. Kuma ban manta ko kalma ɗaya ba."

"To faɗa mini..."

"A wannan ɗakin? Allah ya kiyaye!" Ta ɗauki ƙwaryar ta juye tokar a kan faranti, ta goge cikinta da gefen mayafinta. "Kowa ya faɗa mini halinka, na toshe kunne. Na ce Zailanin da na sani, ko yawo zai fita sai ya durƙusa ya sallami Inna. Yau kam ƙyamarka nake ji. Zan rubuta wa Baba ya mayar muku da kayanku. Sakina, mu tafi."

Ya tare ƙofa. Ta zaci rantsuwa zai fara, ko ya ɗora wa Bernard laifi. Sai ta ga hawaye na gangaro masa har cikin gashin baki.

"Kada ki tafi da maganarta... kada ki tafi ke ma."

Ta daɗe tana kallonsa. Abin haushin, har yanzu zuciyarta ba ta daina sonsa ba. Ta buɗe jaka ta ciro sabon kaset. Tun satin da ta iso ta saye shi a kasuwar Deptford saboda alkawarin Inna.

"Muryarka ta ce in kai mata. Ba gaisuwar wasiƙa ba. Ka faɗa mata abin da ka yi, da bakinka. In ka iya, zan faɗa maka nata, in kuma dakata da wasiƙar Baba."

"Har da ƙwaryar?"

"Har da ita."

Ya buɗe taga. Ya ɓalla maɓallan rigarsa har wuya. Sannan ya cire takalmi ya durƙusa a gaban rikodar, kamar yadda yake durƙusawa a ƙofar ɗakin Inna. Sakinatu ta fita ta ja ƙofa. Karimatu ta saka sabon kaset ɗin ta danna, ta juya masa baya.

Kaset ya yi ta juyawa, babu abin da ya ɗauka sai numfashi.

"Assalamu alaikum, Inna... Zailani ne." Muryarsa ta karye. "Kin aiko mini da magana ban saurara ba, na ɓata ta da hannuna. Daddawarki na zubar, ƙwaryarki na ƙona da tokar sigari. Karimatu tana nan tana ji, ita ma na wulaƙanta ta. Inna, na yi laifi. Ki yafe mini... Ku yafe mini, ku duka biyu."