Taku Tamanin

"Yau ka yi taku dubu talatin da biyu," in ji muryar da ke cikin kunnen Tanimu. "Saura ɗari shida ka isa zango na sittin da uku. Ɗakinka lamba tara. Na ɗumama maka ruwan wanka."

Tanimu ya ci gaba da tafiya. A farkon tafiyar yakan ce wa muryar na gode, har ya yi mata sannu da aiki, domin haka aka rene shi. Yanzu ya daina. Madugu, wato manhajar da ke cikin wayarsa, bai damu da godiyar kowa ba. Da ya isa, ƙofar ɗaki ta buɗe da kanta, fitila ta kama, wani ɗan akwati a jikin bango ya turo kwanon shinkafa da wake mai zafi. Komai tsaf, komai a kan lokaci, kuma babu ko mutum ɗaya a wurin.

A shekarar 2094 jirgin sama yakan kai mutum daga Kano zuwa Jidda kafin ya gama gyangyaɗi ɗaya. Wataƙila sauƙin ne ya gundure mutane, don sai ga shi an koma marmarin zuwa aikin Hajji a ƙafa kamar yadda kakannin kakanni suka yi. Ƙasashen da ke kan hanya suka haɗu suka dasa wani dogon shingen itatuwa daga ƙasar Hausa har bakin Bahar Maliya, aka sa masa suna Inuwar Gabas, aka gina zango ɗari da talatin da takwas a cikinsa. Duk wanda zai bi hanyar sai ya sa Madugu a wayarsa, ya maƙala ɗan abin sauraro a kunne. Madugu yana magana da tauraron ɗan'adam, ya san rijiyar da ta ƙafe, ya san ƙafarka za ta yi bororo tun kafin kai ka ji zafin. Shi ke ajiye wa kowa ɗaki, shi ke riƙe wa kowa gurbinsa a jirgin ruwan da ke tsallaka teku. Don kada a yi cunkoso a bakin famfo, yakan bar tazarar kwata ɗin awa tsakanin matafiyi da matafiyi. Don kada duniya ta raba wa mutum hankali, yakan kulle kiran waya gaba ɗaya, saƙo sai ta hannunsa. Masu ƙera shi sun yi tunanin komai, ban da irin mutanen da za su yi amfani da shi.

Tanimu bai fito shi kaɗai ba. Shi tsohon mai gyaran birkin jirgin ƙasa ne, shekarunsa sittin da ɗaya. Tare suka fito da yayansa Ilu, tsohon maɗinki ɗan shekara saba'in, wanda ya rene shi tun rasuwar mahaifinsu. Sun yi rajista a matsayin abokan tafiya, saboda haka Madugu ya bar su su jera. Kwana arba'in suna tafe, Ilu yana ƙorafin takalmi, yana ƙorafin miya, yana gyara wa Tanimu karatu, Tanimu yana cewa to, Yaya. Bai taɓa jin daɗin wata tafiya kamar wannan ba.

A zango na arba'in da ɗaya, can cikin ƙasar Chadi, ƙafar Ilu ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Madugu ya duba ta da idon waya, ya yi magana a fili, su biyun suna ji.

"Ƙafar za ta ɗauki wata guda. Ana ajiye wa mara lafiya gurbinsa a jirgi, amma ba a ajiye wa mai lafiya. Abokin tafiya ya tsaya ne, ko ya wuce?"

"Ya wuce mana," in ji Ilu. "Me zai tsaya yi mini? Jariri ne ni? Kai kuma inji, kada ka riƙa damunsa da labarina. Ka rufe tsakaninmu, yaro ya yi ibadarsa hankali kwance."

"An raba tafiyarku," in ji Madugu. "Tanimu, ƙofarka za ta buɗe nan da minti goma."

"Yaya, ni fa ba na..."

"Tafi mana!" Ilu ya juya fuskarsa bango.

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san wannan magana ba a nan take ƙarewa ba. Babba zai ce tafi, ƙarami ya ce wallahi ba inda zan je, babba ya yi faɗa, ƙarami ya zauna ya fara jiƙa tsumma, sai babba ya ce kai dai ka cika taurin kai, yana jin daɗi a ransa. Abin yana son lokaci. Amma agogo yana ƙirga minti goma a fuskar waya, murya tana cewa saura bakwai, saura huɗu, ga kuma yayansa da bai taɓa yi wa musu ba ya ba shi baya. Tanimu ya ɗauki jakarsa ya fita.

Kwana ashirin da biyu ke nan yana tafe shi kaɗai. Akwai wani a gabansa wanda bai taɓa gani ba, sai dai sawunsa a ƙasa, mai jan ƙafar hagu kaɗan. Wani lokaci Tanimu yakan ƙara sauri ko ya cim masa, sai Madugu ya ce ya rage, zuciyarsa na bugawa fiye da kima. Salla shi kaɗai, cin abinci shi kaɗai, ya yi atishawa babu mai ce masa komai. Kullum bayan asuba yakan ba da saƙo: a gaida Yaya, a tambaye shi ƙafa. Kullum amsar ɗaya ce.

"An karɓi saƙonka. Hanyar a rufe take daga wancan ɓangaren."

Tanimu ya ɗauka fushi ne. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai, ya rame, abincin bango ma ya daina wuce masa.

Washegari da la'asar, daf da zango na sittin da huɗu, sai hancinsa ya kama wani ƙamshi da ya tsayar da shi cak. Daddawa ce. A nan, kusa da iyakar Sudan, wani yana kaɗa miyar kuka da daddawa. Ya bi ƙamshin ta wata 'yar kafa a tsakanin itatuwa, Madugu yana ta cewa ya bar hanya, ya bar hanya. Bayan shingen ya tarar da wani gida na ƙasa, da wata tsohuwa zaune a gindin murhu tana fifita wuta.

"Salamu alaikum," in ji shi, muryarsa har ta dushe don rashin magana.

"Wa alaikumus salam. Lale, lale! Daga cikin itacen nan ka fito?" Hausarta ta tsofaffi ce, da ɗan karin Larabci. Ta ce sunanta Ladingo. Kakan kakanta ya taso daga Gumel zai je Makka a ƙafa, ya yada zango a nan ya yi noman shekara guda, shekarar ba ta ƙare ba har yau. "Zauna, ɗana, ga tabarma. Yanzu zan kwashe tuwo."

"A'a Inna, na ƙoshi. Alhamdu lillahi."

"Ƙoshin me? Dubi wuyanka."

"Wallahi kada ki wahalar da kanki."

Ta ajiye masa kwano a gaba, ta tura masa ruwan wanke hannu da ƙafa. "Ci, ka ji. Ina ka taɓa ganin an karɓi a'a ta farko a wurin baƙo? Wannan abin kunnen naku ne kawai yake yin haka. Shekara tara ke nan ya zo ya tambaye ni ko ina son a riƙa turo mini baƙi. Na ce haba, ni wace ce, gidana ba wani gida ba. Ina jira ya sake tambaya, shi ke nan, ban ƙara jinsa ba. Kullum ina jin takunku ta bayan itace. Kullum sai na ƙara ludayi biyu a tukunya, kaji su cinye."

Tanimu ya kai loma ɗaya baki, ya janye hannunsa daga kwanon. Ya ba ta labarin Ilu duka, bai rage komai ba. Ladingo ta ajiye mafici ta dube shi.

"Sau nawa ya ce ka tafi?"

"Sau biyu."

"Kai kuma sau nawa ka ce ba za ka ba?"

Ya sunkuyar da kai. Ko ɗaya bai ƙarasa ba.

"Wayyo ɗan nan," in ji ta a hankali. "Ai ba fushi yake ba. Jira yake."

Nan Tanimu ya yi kuka, dattijo da furfurarsa, a gaban matar da bai sani ba. Ta bar shi ya gama, sannan ta sa shi ya cinye tuwon.

Da ya koma cikin shinge ya ce wa Madugu zai juya. Madugu ya gaya masa cewa zai rasa gurbinsa, kuma ƙofar gabas ba za ta sake buɗe masa ba a bana. Ya ce ya ji. Ya roƙi a shaida wa Ilu yana tafe, aka ce hanyar saƙo a rufe take, wanda ya rufe shi kaɗai ke iya buɗewa. Sai aka nuna masa wata siririyar hanya ta kudancin itatuwa. Ta nan masu janyewa ke komawa, an ware ta ne don kada ganinsu ya karya gwiwar masu zuwa gaba. A can ko sawun mutum babu. Amma Tanimu ya yi ta tafiya da ƙarfinsa, yana shirya abin da zai faɗa, yana tunanin irin faɗan da Yaya zai yi masa. Har murmushi yake yi shi kaɗai.

Kwana ashirin da uku ya yi kafin ya isa zango na arba'in da ɗaya, da hantsi. Ɗakin jinya a buɗe yake, an naɗe katifa. A bayan ginin ya sami wani dattijo mai gyaran famfo, wai shi Modu, wanda ke zagayo zangon sau ɗaya a mako. Ya tambaye shi labarin Ilu.

"Mai ɗinkin nan?" in ji Modu, yana goge hannu a riga. "Kai ne ƙanen? Ikon Allah. Ai ya bi ka. Yau kwana goma sha huɗu."

"Ya bi ni ina?"

"Gabas mana. Ƙafar ma ba ta gama saɓewa ba, na yanka masa takalmin ta gaba don ta shiga. Duk zuwan da zan yi sai in same shi a kan dutsen can yana kallon hanya. Ya ce mini ko gaisuwa ba ka aiko ba, amma bai riƙe ka ba. Ranar da zai tafi cewa ya yi, yaron nan kunya ba za ta bar shi ya dawo ba, gara ni in je in same shi."

Sai yanzu Tanimu ya gane. Ilu bai ma san cewa shi ne ya toshe saƙonnin da bakinsa ba.

"Madugu," in ji Tanimu. "Ka san inda yake?"

"Na sani. Ba ni da izinin faɗa."

"To ni fa? Inda na bi ai nawa ne. Na wuce shi a hanya?"

"Kwana bakwai da suka wuce, da hantsi, tsakanin zango na arba'in da bakwai da na arba'in da takwas. Kana hanyar kudu, yana ta arewa. Tsakaninku taku tamanin ne."

Ya tuna wurin. Ya tsaya a nan ya cire tsakuwa daga takalminsa, har ya ji wani yana tari ta bayan itatuwa, ya ce a ransa Allah ya ba mai tarin nan lafiya.

"Me ya hana ka magana?"

"An umarce ni kada in haɗa ku. Akwai wani abin da zan taimaka maka da shi?"

Tanimu ya zare abin daga kunnensa ya sa a aljihu. Ya daɗe zaune a kan dutsen da Ilu yake zama. Daga nan ya tambayi Modu ko akwai wata hanyar gabas ban da wannan. Modu ya ce akwai tsohuwar hanyar makiyaya ta wajen shinge, ba inuwa, ba ɗaki, sai dai mutum ya bi rijiyoyi yana tambaya. Ya ce ba lalle ya riski jirgi ba, kuma ko ya isa, ba za a bar shi ya shiga sansanin bakin teku ba. Tanimu ya ce in bakin shingen sansanin ne ma zai tsaya. Modu ya cika masa gora biyu, ya raka shi har ƙarshen itatuwa.

Ranar da jirgi na ƙarshe ya tashi a wannan shekarar, hukumar hanya ta yi shela cikin alfahari cewa mutum dubu ɗari huɗu sun bi Inuwar Gabas, babu ko ɗaya da ya ɓata. Ba ƙarya suka yi ba. Madugu ya san inda Ilu yake sarai. Yana zaune a kan benci a bakin teku, ya ƙi shiga jirgi har sau huɗu, yana leƙa fuskar duk wanda ya gifta. Madugu ya san inda Tanimu yake ma, ko da yake wayar ta daɗe a ƙasan jaka. Yana can yamma cikin rana, saura masa tafiyar kwana goma sha ɗaya, yana tsaye a bakin wata rijiya yana tambayar wata mata hanya.