Notuna a Kwalin Ƙwai

Ƙarfe biyar na yammacin Asabar Brodie Vukic ya taso daga mahaƙar Broken Hill, ya ɗaga bonet ɗin motarsa, ya tarar da rami a gurbin sabon turbo ɗinsa. Kwana uku ya yi a garejin gidansa yana ɗaura abin nan mai cusa wa inji iska don mota ta ƙara gudu. Ko tayar da ita bai kai ga yi ba.

Sajan Merrin Tolhurst ta zo ba da son ranta ba. Ita ta zaro gawar Luka, yayan Brodie, daga irin wannan motar a hanyar Silverton shekara huɗu baya, kuma ita ta kai wa ubansu labari. Yau ga ta an aike ta neman abin da ke kashe su.

Ba a fasa kwaɗon gareji ba, ba a yanka tiyo ko ɗaya ba. Duk kafar da aka bari buɗe a inji an toshe ta da tsumma mai tsabta. Notunan kuwa suna jere cikin kwalin ƙwai, bi da bi yadda aka kwance su.

"Wa kake zargi?" Merrin ta tambayi Brodie.

"Kade Penhall mana! Gobe za mu kara a tseren mota a hanyar Silverton, ya san kashinsa ya bushe."

A shagon faci Kade ya tuntsure da dariya. "Ni? Haba Sajan! Da ni ne, almakashi zan sa wa tiyo, minti goma na fece. In tsaya jera masa noti, uwarsa ce ni?" Maigidansa ya shaida tun safe bai bar shago ba.

Maƙwabciyar Brodie, tsohuwa Noeleen, sau biyar tana kai ƙararsa kan ƙarar salansar motarsa. Ta miƙo yatsunta da sanyin ƙashi ya murɗe. "'Yar nan, murfin kwalba ma gagara ta yake. Amma in kin kama shi, ki gaishe min da shi."

Merrin ta koma gareji. "Kai ina kake zuba notunanka?"

"Aljihu. Kwalin ƙwai ai sai tsofaffi."

Ta sami Ante Vukic, uban Brodie, tsohon makanikin mahaƙa, yana ba inabinsa ruwa a gidansa. Turbo na kan teburin kicin, naɗe da tawul.

"Baba Ante, ɓarawo ba ya tausayin inji," in ji ta. "Wanda ya toshe kafofin nan tsoron yashi ya shiga yake, kuma yana da makulli. Shekara arba'in na aiki ne suka tona maka asiri."

"Na sani. Na so in yi ɓarna, hannun ya ƙi." Ya kashe famfo. "Rubuta ni, 'yata. In an je kotu ai riƙe abin za ku yi a matsayin shaida, ko? Wata nawa?"

"Kamar shida."

"Wata shida yana raye. Ya ishe ni. Shi kaɗai ya rage min."

Haushi ya turnuƙe Merrin, don dabarar ta yi, amma ba a zuwa kotu sai mai kaya ya yarda ya shigar da ƙara. Ta kira shi.

Brodie ya shigo, ko kallon uban bai yi ba. "Wace ƙara? Ni in kai Baba kotu? Na yafe." Ya rungumi turbo ɗinsa kamar jariri. A bakin ƙofa ya waiwayo. "Na gode da jera notunan, Baba. Da ni na kwance, da sai na yi sati ina nema. Yanzu awa biyu ta ishe ni."

Lahadi da hantsi Merrin na ofis ta ji fiton turbo ya wuce, ya nufi hanyar Silverton. Ta sa hularta, ta jawo wayar tebur kusa da ita, ta zauna tana jiran kira.