Tsirkiyar da Aka Saki Babu Kibiya

Ranar Asabar da hantsi aka shigo da Da'u caji ofis na Gaya, rigarsa a yage, leɓensa yana jini. Wanda ya shaƙo masa wuyan riga, wani ƙato mai suna Abba, sai huci yake.

"Yallaɓai, ga shi nan. Shi ya tsiyaye wa ƙanena ido."

Sufeto Abdulmumin ya sa aka raba su, ya jawo takarda. Mutum ne da ba ya son hayaniya, kuma shekara ashirin da biyu a kaki sun koya masa cewa mai ihu ba lallai shi ne mai gaskiya ba.

Abba ya zayyana. Ƙanensa Muzammil da Da'u 'yan wasan harbin baka ne, tare suke atisaye a Ajingi. Mutum ɗaya za a ɗauka daga yankinsu ya shiga tawagar jiha. Jiya Juma'a da safe Muzammil ya ja bakansa a bayan gidansu da ke Balan, reshen sama ya fashe, ɓaraguzan suka same shi a fuska. Yana asibiti a Kano, likitoci sun ce idon dama ya tafi.

"Wa zai amfana in ba wannan ba?" in ji Abba.

"Ka taɓa bakan nan, Da'u?" in ji sufeto.

"Ban taɓa ba, Yallaɓai. Rabona da Balan mako biyu."

Shugaban caji ofis ɗin bai ja magana ba. Ya ce Litinin za a kai Da'u kotu da tuhumar jikkata mutum da gangan, laifin da ke cinye shekarun saurayi a gidan yari. Kwana biyu ke nan a hannun sufeto.

Ya shimfiɗa karyayyen bakan da Abba ya kawo a kan tebur. Irin na zamani ne, baƙi, mai ƙananan tayoyin ƙarfe a kai biyu, tsirkiya ta zagaye su. A bakin karayar ya ga wani abu mai yauƙi ya bushe. Ya kankaro da farce, ya sansana, har ya ɗora a harshe. Ƙaro ne, an shafe samansa da baƙin tukunya.

Da azahar yana Ajingi, a filin da Koci Abdulsalam ke horar da su. Kocin ya juya bakan, ya girgiza kai.

"An sake shi babu kibiya."

"Yi mini bayani, ni ban san kan abin ba."

"Wannan baka ƙarfi yake tarawa. In ka saki, kibiya ce ke ɗauke ƙarfin ta tafi da shi. In babu kibiya, ƙarfin ba shi da wurin zuwa, sai ya koma jikin bakan. Wani ya tarwatse nan take. Wani ya yi 'yar tsaga, ya jira ja na gaba."

"Da'u zai iya yin haka?"

"Da gangan kowa zai iya. Amma Yallaɓai, yaron da ke yawo da gam na kanti a jakarsa, me zai kai shi ga ƙaro?" Ya miƙa wa sufeto bakan. "Kuma wanda bai saba ba, tsirkiya sai ta zane masa hannu. Ka duba hannun hagu."

Sufeto ya koma Gaya ya sa Da'u ya naɗe hannun riga. Fata lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Sai dai a tashar adaidaita sahu wani direba ya rantse cewa ranar Alhamis da la'asar shi ya sauke Da'u a ƙofar gidan su Muzammil.

"Ka yi mini ƙarya," in ji sufeto ta tagar sel.

Da'u ya sunkuyar da kai. "Na je. Na tarar Muzammil ya tafi kasuwa, na juyo."

"Me ka gani?"

"Ban ga komai ba."

"Malam, jibi alƙali za ka gani. Shekara nawa kake da su da za ka yi kyauta da su?"

Hawaye suka zubo masa, amma muryarsa ba ta yi rawa ba. "Ku kai ni kotun, Yallaɓai. Akwai maganar da ba za ta fita daga bakina ba."

Abin ya taɓa zuciyar sufeto. Ya sha ganin masu ƙarya don su tsira. Wannan kuwa ƙarya yake yi yana tura kansa cikin rami.

Lahadi ya isa Balan gab da azahar. Mahaifin Muzammil, Malam Tukur, shi ne Sarkin Bakan garin, dattijo dogo da ya shekara hamsin yana farauta. Maƙwabta sun gaya wa sufeto cewa tun ranar da aka kawo bakan nan, tsohon bai taɓa yi masa kallo biyu ba. Keken yara yake kiransa.

Ya karɓi sufeto a zaure. Ana zafin da ke narka mutum, amma rigarsa mai dogon hannu ce, maɓalli a ɗaure har wuyan hannu.

"Sannu da wannan jarrabawa, Baba."

"Sai haƙuri, ɗan nan."

"Ka taɓa riƙe bakan Muzammil?"

"Ni? Me zan yi da keken yara?"

Sufeto ya ɗaga kai ya dubi bango. "Wancan naka ne? Ko zan gani?"

Tsohon ya miƙe ya sauko da shi, tsohon baka na ice da hannu ya goge har yana sheƙi. Bai ma san ya yi ba: ya ja tsirkiyar da yatsu biyu, ya saki, ya karkata kunne. Zauren ya ɗauki ƙara.

"Me ya sa ka yi haka, Baba?"

"Ai haka ake. Maharbi ba ya ɗaukar baka bai ji muryarsa ba. Tsirkiya ce ke gaya maka ko lafiya yake. Haka ubana ya koya mini."

Aka kira salla, aka kawo buta biyu. Suka tsuguna a ƙofar zaure. Malam Tukur ya wanke fuska, ya wanke hannun dama, sannan ya tsaya. Babu yadda za a yi alwala hannun riga a ɗaure, kuma shi ba mutumin da zai yi wa Ubangiji wayo ba ne. Ya ɓalle maɓallin hannun hagu.

Daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu, shatar bulala ce baƙa, ta kumbura ta fara ruwa.

Ya ƙarasa alwalarsa a tsanake. Suka yi salla tare. Bayan sallama bai tashi daga kan buzu ba.

"Wata takwas ina zagin bakan nan a gaban mutane, raina kuwa yana kansa," in ji shi. "Ranar Alhamis na ga ɗakin Muzammilu a buɗe. Na ce bari in ji muryarsa sau ɗaya. Na ja, na saki. Ƙarar da ya yi ba ta baka ba ce. Da na duba sai ga tsaga kamar gashi."

"Sai ka liƙe."

"Yadda nake wa nawa. Na ɗauka zai riƙe."

"Me ya hana ka gaya masa?"

"Kunya, ɗan nan. Sarkin Baka guda ya ɓata baka." Ya share fuska da tafinsa. "Da'u ya gan ni ina fitowa riƙe da hannu. Jiya da aka wuce da shi ana duka, ina zaure ina ji. Ban fito ba."

Sufeto ya ji tausayinsa, ya kuma ji haushinsa, ya rasa wanne ya fi. Bai sa masa ankwa ba. Ya dai buɗe masa ƙofar mota.

A caji ofis aka rubuta bayaninsa, ya dangwala yatsa. Aka buɗe wa Da'u. Da ya fito ya ga tsohon a bayan kanta, sai ya zube ƙasa zai gaishe shi.

"Tashi, Da'u. Ni ya kamata in durƙusa."

"Baba, wallahi ban faɗa ba."

"Na sani. Da ma ka faɗa."

Abba yana jingine da bango, ya kasa duban kowa. Wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ɗauka. Muzammil ne daga gadon asibiti. Ofishin ya yi tsit, har ana jin muryarsa.

"Yaya Abba, an gano wanda ya yi mini wannan?"

Abba ya juya ya dubi mahaifinsa. Ɗan sandan da zai shigar da tsohon sel ya dubi sufeto. Sufeto ya yi masa alama ya dakata.

Malam Tukur ya miƙa hannu ta saman kanta, ya karɓi wayar, ya kara a kunne.

"Muzammilu, Babanka ne. An gano shi. Ka zauna da kyau, ni zan gaya maka."