Kawun da Bai Taɓa Nutsewa Ba

A cikin jirgin ruwan da ke tasowa daga Ullapool zuwa Stornoway, babban garin tsibirin, suka fara ganin juna, a wani yanayi da ba ya ƙara wa namiji kwarjini. Torquil Macritchie, masaƙi, jikan masunta ta uwa da uba, yana rungume da ƙarfen gefen jirgi yana mayar wa teku da karin kumallonsa. Wata budurwa mai jar hula ta miƙo masa alewar citta.

"Tsotsa, kada ka tauna. Kai ɗan tsibiri ne kuwa?"

"Ɗan Ness ne ni," ya ce da ragowar mutuncinsa.

"To zan rufa maka asiri. Sunana Fergus."

"Ai sunan maza ne. Na mijinki ko na mahaifinki?"

"Nawa. Wani ma ya tambaya ɗazu, amma shi a tsaye yake da ƙafafunsa."

Sabuwar malamar firamare ce, daga Inverness aka turo ta. Kafin jirgi ya tsaya, cikin Torquil ya lafa, zuciyarsa ta karɓi aikin.

Shi ba mai yawan magana ba ne, sai waya ta zama bakinsa.

"Farin watana, yau na saƙa yadi mai launin hularki. Kuskure ne, shuɗi mai kayan ya nema."

Ta amsa: "Ka ce masa shuɗin masoya kenan. Ka ci abinci, jarumin teku?"

Matsalar tana gida, zaune a kujera kusa da murhu. Mahaifiyarsa Dolina ta saurari labarin yarinyar har ƙarshe, sannan ta ajiye kofin shayinta.

"Fergus? Haka tsirara?"

A tsibirin ba baƙon abu ba ne a ɗauki sunan kaka namiji, a yi masa 'yar jela, a ba jikanya. Amma a miƙa wa jaririya sunan namiji yadda yake, wannan sai da dalili, kuma dalilin da jama'a suka fi girmamawa shi ne gawa.

"Gidan da ya yi wa 'yarsa haka, akwai abin da ke damunsa," in ji Dolina. "Ga Catriona 'yar dattijon coci, da hankalinta da sunanta na mata, kullum sai ta tambaye ka."

Torquil ya dubi mahaifiyarsa, ya ga ƙofa na rufewa, sai ya aikata abin da masu gaskiya kan aikata idan sun tsorata, wato ƙarya marar fasali.

"Mama, sunan kawunta ne. Ƙanin mahaifiyarta. Teku ta ci shi kafin a haife ta."

Fuskar Dolina ta sauya nan take, domin babu gida a Ness da teku ba ta taɓa ba. Ta tambayi shekarunsa, Torquil ya ba shi ashirin da biyu. Ta tambayi ko an ga gawar, ya ce ba a gani ba, don kada a nemi kabari. Zuwa Lahadi marigayin ya samu jirgi da budurwa da murya mai daɗi wajen waƙar zabura, duk daga alherin matan coci.

Fergus ta rasa dalilin da ya sa tsofaffi ke riƙe hannunta a kanti suna girgiza kai, suna kuma aiko mata da kifi mai hayaƙi. Ta ɗauka halin mutanen wurin ne. Da Torquil ya miƙa zobe, ta karɓa da farin ciki.

Sai mahaifiyarta Mairead ta zo gaisuwar surukai. An jera waina da cuku, an zuba shayi a kofunan da ba a fito da su sai ga fasto. Dolina ta kama hannun baƙuwar da hannu biyu.

"Allah ya ji ƙan ƙaninki. Mun ji irin muryar da Allah ya ba shi."

"Wane ƙanin nawa? Ni kaɗai iyayena suka haifa."

Torquil ya tsura wa cuku ido kamar zai samu mafita a cikinsa.

A bakin ƙofa Fergus ta juyo gare shi, muryarta a kwance.

"Sai da ka kashe mutum kafin sunana ya shiga gidanku?"

"Hasken idona, so nake ta karɓe ki."

"Ba karɓata ta yi ba, yafe mini ta yi. Ni kuwa ban yi laifi ba."

Ta zare zoben ta sa masa a aljihu. Saƙon da ya aika daga baya ya yi tsawo, amsarta ba ta yi ba.

"Ba ƙaryar ce ta fi yi mini zafi ba, kunyar da ta haife ta ce. In an yi hutu zan nemi a mayar da ni Inverness."

Ranar Lahadi, bayan an tashi daga sujada, Torquil ya tsaya a matakalar coci, ya cire hularsa. Mutumin da gaisuwa ma ke yi masa nauyi ya ɗaga murya.

"Jama'a, babu wani kawu. Ni na ƙirƙire shi, ni na nutsar da shi. Sunanta Fergus saboda sunanta kenan, kuma da shi nake son ta, in har za ta sake kallona."

Wata tsohuwa ta ce, "To kifina fa?" Catriona ce ta fara dariya, abin da ya nuna lallai tana da hankalin da ake faɗa.

Dolina ba ta yi dariya ba. Washegari ta hau bas zuwa makarantar, ta jira yara suka watse, ta zauna gaban Fergus a 'yar kujerar da ba ta kai gwiwarta ba.

"'Yata, faɗa mini gaskiya. Ɗa namiji iyayenki suka so?"

"A'a, Mama. Tun ina ciki likita ya faɗa musu mace ce. Mahaifiyata ta ji wata tana kwaɗa wa ɗanta kira a bakin kogi, sunan ya yi mata daɗi. Ta ce duk wanda aka kira da shi dole ya juyo da ƙarfinsa. Babana ya gwada shi a baki, ya ce ya zauna. Iyakar labarin kenan."

Dolina ta daɗe tana kallon zanen yara a bango.

"Ni Donaldina aka sa mini, aka gajarta shi ya koma Dolina. Donald mahaifina yake jira. Da aka ce masa mace ce, sai ya fita duba tumaki. Duk sanda aka kira ni, ɗan da bai zo ba nake ji ana kira. Na ɗauka ke ma haka ne, na ƙi gidanku saboda laifin gidanmu." Ta gyara jakarta a cinya. "Ɗana sakarai ne, amma jiya ya yi magana a gaban mutane. Ban taɓa zaton zan ga ranar ba."

Da yamma wayar Torquil ta yi ƙara, saƙon Fergus ne.

"Zoben yana aljihunka ko shi ma ya nutse?"

Aka ɗaura aure da bazara. Fasto ya kira Torquil, ya kira Fergus, bai yi tari ba, ko da yake an san ya yi ta gwadawa a gida. Wajen liyafa Dolina ta miƙe da kofinta.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya tsare ku daga teku da bakin mutane. In ya ba ku 'ya, kada ku sa mata sunana don kara. Ku sa mata wanda kuke so, sannan ku faɗa mata ita kuke jira."

Jama'a suka ce amin, amarya ta fi kowa ɗaga murya.