Mangwaro Bakwai a Gonar Aro

"Ka ce me, Ya Fa'izu?"

Nuriyya ta dire bokitin ruwan a bakin rijiya, ta zuba wa saurayin nata ido. Shi kuwa ƙasa yake kallo, kamar a can ya yar da sauran maganar.

"Babanmu ya ce a cire dashen nan kafin Juma'a. In ba haka ba... maganar aurenmu ta tashi."

"Mangwaron Babana? Me ya tsare masa?"

"Nuri, a nan ba a dasa itace a gonar aro. Gero ko gyaɗa, ka shuka, ka girbe, ka tafi. Amma wanda ya dasa itace, cewa yake yi gonar ta zama tasa. A kan haka kakanmu ya rasa gona guda."

Abin haushin ma, Fa'izun ne ya kawo su garin.

Shekara talatin da biyar mahaifinta Malam Gana ya yi yana koyarwa kafin ya yi ritaya. Gidan haya suke zaune a unguwar Bacirawa cikin birni, ga tsada, ga ƙarar janareta, ga kewar matarsa Bintu da ta rasu bara. Kullum zancensa ɗaya: a samo masa ɗan gari mai sauƙin rayuwa, inda zakara zai tashe shi, ba hon ɗin mota ba. Sai Fa'izu ya ce ga ƙauyensu can bayan Gezawa, gida da araha, kasuwa kusa, motar birni ba ta yankewa. Mahaifinsa Malam Nababa har ya ara wa surukin gobe gefen gonarsa, aka sa ranar biki bayan kaka.

To amma baƙo makahon gari ne. Su Malam Gana tun kakansa da ya taso daga Barno fatauci suka sani, a birni aka haife shi, alli ya riƙe ba fartanya ba. Ina zai san cewa a yankin da gona ke manne da gona, taku ɗaya na iyaka yana raba zumunci? Ya sayo dashen mangwaro bakwai ya jera, ya ce sadaka ce mai gudana ga Bintu. Kowace safiya yana can da butarsa yana ba su ruwa.

"Ka faɗa masa sadakar Ummana ce?" in ji Nuriyya.

"Na faɗa. Ya ce yau sadaka, gobe jikoki su ce gado."

"Ba ni kwana biyu in lallaɓa Baba. Amma ka yi min alkawari ba wanda zai taɓa su."

"Na yi miki, hasken idona."

Bayan la'asar ta sami mahaifinta a kan tabarma. Ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta iya faɗa, don ta san itatuwan nan su ne abokan hirarsa. Ya saurare ta har ta kai aya.

"Rashin sani ya fi dare duhu," in ji shi a ƙarshe. "Malam Nababa yana da gaskiya, ni ne na shiga gonar mutane ban tambayi ka'idarta ba."

"Baba, in ba ka so, wallahi na haƙura da..."

"Kul. Uwarki ba za ta so inuwar da za ta hana 'yarta aure ba. Gobe da sassafe mu je mu haƙo su da ƙasarsu, mu kai makarantar firamare. Yara su sha inuwa, ladan dai zai same ta."

Nuriyya ta kifa kai a gwiwarsa tana kukan daɗi. Ta kira Fa'izu har sau uku don ta yi masa albishir, wayar a kashe. Ta ce ba komai, gobe ma rana ce.

Gari na wayewa suka kama hanya, shi da shebur a kafaɗa, ita da tsofaffin buhuna. Malam Gana har da raha, wai yau malamin lissafi zai koma ɗan ƙodago.

Ita ta fara hangowa. Dashen bakwai duk suna kwance, an sare su daga tushe, ganyen ko yaushi bai gama yi ba. Fa'izu na tsaye a gefe da adda a hannu, idanunsa jawur.

Malam Gana bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ta fi samun sauƙi. Ya jingine shebur ɗin, ya durƙusa da ƙyar, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafawa.

"Allah ya jiƙanki, Bintu," ya ce a hankali.

Ya miƙe ya nufi gida, ya manta da shebur ɗin a wurin.

Da yamma Fa'izu ya yi sallama a zaure. Ta fito, fuskarta a kumbure.

"Nuri, ki saurare ni. Jiya Baba ya tara ƙannensa, ya ce ba zai jira Juma'a ba. Ya ce in ni ɗansa ne, in yi da hannuna kafin rana ta fito. Na rasa yadda zan yi... don kada in rasa ki na yi."

"Kwana biyu na roƙe ka."

"Na sani."

"Awa ɗaya ma da ta isa, Ya Fa'izu. Da shebur muka zo. Makaranta zai kai su, da ransu."

Ya dafe bango. Sai yanzu ya gane abin da ya sare.

"Na je na durƙusa wa Babanki ɗazu a masallaci. Ya ce ya yafe min, ya ce biki yana nan."

"Shi ya yafe. Ni tun safe nake gwadawa, na kasa." Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Ina sonka, ƙarya zan yi in ce ba na sonka. Amma hannun nan naka zan riƙa gani kullum a ɗakina, ni kuma ba zan daina ganin addar a cikinsa ba. Ka gaya wa Babanku gonarsa ta dawo, ba itace, ba suruka."

"Nuri, don Allah... rabin raina..."

Ta juya da sauri, don ta san in ya ƙara kiran sunan sau ɗaya, zuciyarta za ta ci amanarta.

A tsakar gida ta tarar da mahaifinta zaune, ya ƙura wa bango ido.

"Wa ke sallama, Nuriyya?"

"Ba kowa, Baba," ta ce, sannan kukan ya ƙwace mata.