Hoto a Bakin Ruwan Gent

Ƙarfe biyar na yamma duhun hunturu ya rufe birnin Gent, ina yawo ni kaɗai a bakin kogi, jakata a goye. Wani tsoho ya miƙo hannu.

"Kawo wayar in ɗauke ki hoto, 'yan mata. Ko kallon ɓarawo kike mini?"

Kallon da nake masa ke nan, amma kunya ta sa na ba shi. Yatsunsa a jiƙe, sanyi ƙarara.

Ya dinga ja da baya. "Matso, nan babu haske."

Na bi shi, idona a kan wayata kada ya arce.

"Baba, ya isa haka."

"Taku ɗaya kawai, 'yata."

Na ɗaga ƙafa, na ji babu wurin saukewa. A bakin gaɓa nake, ruwa baƙi ƙirin a ƙasa. Shi kuwa yana tsaye a kan ruwan, taku uku a gabana, yana jira.